Gambo Sawaba: 'Yar Ina Ce?

A Ƙofar Gayan da ke Zariya akwai babban asibiti mai suna Hajiya Gambo Sawaba. A Jami'ar Bayero ta Kano ma akwai ɗakin kwanan ɗalibai mata da aka sa wa sunanta. In ka tsayar da ɗalibi a bakin aji ka tambaye shi wace ce ita, zai ce maka 'yar siyasa ce ta zamanin da, Bahaushiya, Bazazzagiya. Maganar siyasa kam ya faɗi daidai. Sauran biyun kuwa sai an zauna, domin sunan da aka raɗa mata Hajaratu, sunan gidansu kuma Amarteifio. Na tabbata da yawanmu sai mun maimaita wannan suna sau biyu kafin harshe ya kama shi.

Mahaifinta mutumin Gwalkwas ne, ƙasar da yau ake kira Ghana, daga ƙabilar Ga ta yankin Akra. Ya yi karatun safiyo a can, sannan ya zo Nijeriya a 1910 ya kama aikin reluwe, daidai lokacin da Turawa ke ta shimfiɗa dogo zuwa Kano. Kirista ne da ya zo. A Zariya ya musulunta ya zama Isa. Mahaifiyarta Fatima kuwa Banufiya ce daga Lavun, cikin Jihar Neja ta yanzu, kuma ta taɓa aure har da 'ya'ya kafin mijin ya rasu ta auri Isa. An haifi Hajaratu ranar 15 ga Fabrairu, 1933. Da yake tagwaye ta biyo, sai aka riƙa kiranta Gambo, kamar yadda Hausawa ke yi wa duk wanda ya zo bayan 'yan biyu. Wato ko laƙabin nata ma na Hausa ne, a gidan da uba Baga ne, uwa Banufiya.

Kafin a gane Gambo sai an gane Zariyar da ta tashi a ciki. Turawan mulkin mallaka sun raba garin ne kashi-kashi. Cikin ganuwa na Zazzagawa ne, ƙarƙashin sarki. Tudun Wada na 'yan Arewa ne waɗanda ba 'yan gari ba. Sabon Gari kuma, can kusa da tashar jirgi, an ware shi ne don ma'aikatan reluwe da akawuna da 'yan kasuwa da suka zo daga Kudu, da Gwalkwas, da Saliyo. Manufar ita ce kada a cakuɗa, kada baƙo ya kawo wa ɗan gari ra'ayin da zai dami hukuma. To amma mutane ba buhunan gyaɗa ba ne da za a jera kowanne a rumbunsa ya zauna. A Sabon Gari Bayarabe ya yi maƙwabtaka da Ibo, Banufe ya sayi goro wajen Bahaushe, aka yi auratayya, kuma harshen da kowa ya koma yi da kowa shi ne Hausa. Yaron da ya tashi a irin wannan unguwa ba ya mamakin jin ƙararrawar coci bayan kiran salla. Nan Gambo ta yi wayo, kuma nan ta yi mafi yawan rayuwarta.

Karatun boko ba ta yi nisa ba. Ta shiga firamaren En'e ta Tudun Wada, ta yi 'yan shekaru, sai mahaifinta ya rasu a 1943 tana da shekara goma. Bayan shekara uku uwar ma ta bi shi. Tana da shekara 13 aka aurar da ita ga wani tsohon soja da ya dawo daga Yaƙin Duniya na Biyu. Bai jima ba ya tafi ya bar ta da ciki, bai kuma dawo ba. Ta haifi 'ya mace. Ta sake yin aure daga baya, fiye da sau ɗaya, ba wanda ya ɗore. Na wuce wannan da sauri ne saboda maƙiyanta sun riga sun daɗe a kansa fiye da yadda ya kamata, amma a riƙe shi, za mu dawo gare shi.

Tun tana yarinya an san ta da shiga faɗan da ba nata ba. In ta ga babba ya tsare ƙarami, sai ta ture ƙaramin gefe ta karɓi faɗan. An kuma san ta da tausayin masu taɓin hankali da ke yawo a titi, waɗanda yara ke jifa. Wannan hali shi ta ɗauka ta shiga siyasa da shi, ba ta canza komai ba.

Ranar 8 ga Agusta, 1950 aka kafa NEPU a Kano, wadda a Hausa ake kira Jam'iyyar Neman Sawaba. Sawaba na nufin sauƙi bayan wahala, 'yanci ke nan a bakin 'yan siyasar lokacin. Jam'iyyar ta fito ƙarara ta ce talakawa da masu sarauta ba buƙatarsu ɗaya ba, kuma tsarin En'e da Turawa suka jingina da shi yana danne talaka da haraji da jangali da aikin tilas. Malam Aminu Kano ya zama jagoranta ba da daɗewa ba. Abokiyar hamayyarta ita ce NPC, Jam'iyyar Mutanen Arewa, wadda sarakuna da manyan ma'aikatan En'e ke mara wa baya, Sardauna Ahmadu Bello na gaba. Alamar NPC fartanya, ta NEPU tauraro. Gambo tana da kimanin shekara 17 ta yanki kati a reshen Zariya, a lokacin da ko taron jam'iyyar ma a ɓoye ake yin sa.

Ya kamata mu 'yan yau mu fahimci abin da shiga NEPU ke nufi a wancan zamani, don ba irin sauya sheƙar da muke gani yanzu ba ce. 'Yan doka na En'e ne. Alƙali ma'aikacin En'e ne. Gidan yari na En'e ne. In za ka yi lacca, wato taron siyasa, sai ka nemi izini daga En'e. Ita kuma En'e, ai ita ce NPC in an cire mata riga. Wanda kake suka shi zai ba ka izinin sukar, shi zai kama ka, shi zai yi maka shari'a, shi zai tsare ka. Ambaton sunan sarki a lacca ba yadda ake so ba ya isa a ce ka ci mutunci, a yi maka bulala ko a ɗaure ka. Ko a zaɓen 1951, 'yan NEPU sun yi rawar gani a matakin farko a Kano, amma da yake zaɓen hawa-hawa ne, kuma En'e na da ikon cusa mutanenta a tsakiya, ba su kai ƙarshe ba. Bayan 'yan doka kuma ga 'yan daba da ake turo wa masu lacca, irin waɗanda a Kano aka sani da 'yan mahaukata.

A cikin wannan yanayi ne yarinya 'yar Sabon Gari ta tashi a tsakiyar taron maza a Zariya ta hau dandamali ta yi magana, alhali manya masu gemu sun noƙe. Daga nan sunan Sawaba ya manne mata har ya shafe na mahaifinta. Ta zama shugabar matan NEPU a Sabon Gari. Kalmar ma ta yi tashe har ƙetaren iyaka, domin a Nijar jam'iyyar Djibo Bakary da sunan Sawaba aka san ta, ita ma aka haramta ta a 1959.

Abin da ya fi burge ni a farkon tafiyarta shi ne zuwanta Abeokuta. Ta ji labarin Funmilayo Ransome-Kuti, wadda ta haɗa kan matan kasuwa suka yi ta zanga-zanga kan harajin da aka ɗora wa mata, har Alake Ademola ya sauka daga karaga a farkon 1949. Gambo ta kama hanya ta je ta same ta. Ku duba fa: Musulma daga Zariya, wadda ba ta gama firamare ba, ta je ɗaukar darasi wajen Bayarabiya Kirista da ta yi karatu a Ingila. Ba ta tsaya lissafin cewa wannan ba tamu ba ce. Ta ga matar ta san hanyar da ake bi mata su tanƙwara hukuma, ita kuma abin da take nema ke nan.

A 1952 jam'iyya ta tura ta Kano don ta taimaka wajen haɗa kan mata. Ta riƙa shiga gida-gida, inda namiji ɗan siyasa ba shi da ikon tsallaka zaure, tana zama da matan kulle tana yi musu bayanin haraji, da auren wuri, da karatun 'ya'ya mata, da ƙuri'a. Labari ya kai fada. Aka kama ta, aka kai ta gaban alƙali bisa tuhumar tana fitar da matan aure daga kulle, aka ɗaure ta. Daga baya hukumar Kano ta kore ta daga garin baki ɗaya, aka raka ta aka mayar Zariya. Wannan shi ne somin-taɓi. An ƙirga cewa sau 16 aka ɗaure ta a tsawon rayuwarta. An yi mata bulala a bainar jama'a. An aske mata kai da fasasshiyar kwalba. An taɓa yi mata taron dangi aka lakaɗa mata duka aka yar a daji, ana zaton ta mutu. Ta rasa haƙora a wannan hanya. Har ta kai ga tana da bargonta na musamman da take tafiya da shi, saboda ta san ko yaushe ana iya cewa ta wuce gidan yari.

Ni dai askin nan da kwalba shi ya fi tsaya mini a rai. Ɗauri hukunci ne, ko da na zalunci. Amma aske wa mace kai a gaban jama'a, manufarsa a kunyata ta ne yadda gobe ba za ta iya ɗaga ido ba, kuma duk macen da ke kallo ta shiga taitayinta. Ba hujjarta aka rushe ba, don ba wanda ya zauna ya ba ta amsa kan haraji ko kan ƙuri'a. Mutuncinta aka nufa.

Nan ne maganar aurenta ke dawowa. A shekarun 1950, macen da ta fito lacca a Arewa suna ɗaya ake ba ta: karuwa. Ba a buƙatar shaida. Tunda matar kirki tana ɗaki, duk wadda aka gani a fili ta riga ta faɗi ko wace ce ita, haka lissafin yake. Gambo kuwa ga ta bazawara, ga ta 'yar Sabon Gari, unguwar da 'yan birni ke kallo a matsayin matattarar giya da baƙi, ga uba daga wata ƙasa. Duk sandar da ake buƙata don a doke maganarta ba tare da an saurare ta ba tana nan a ajiye. Kuma wallahi sandunan nan ba su ruɓe ba. Ku lura da lokacin zaɓen ƙungiyar ɗalibai, a kowace makaranta. In namiji ya fito takara, tambayar ita ce me zai yi mana. In mace ta fito neman kujerar da ta wuce ta mataimakiya, sai ka ji ana tambayar da wa take yawo, kuma wa zai aure ta. In ɗan wata jiha ne, sai a ce ai makarantar ba ta ubansa ba ce. A Facebook ma haka: mutum ya kawo magana, maimakon a auna ta, sai a shiga tonon sunan kakansa.

Babbar buƙatar Gambo a siyasance ita ce a bar matan Arewa su yi zaɓe. Matan Kudu sun samu wannan dama tun cikin shekarun 1950, kuma a babban zaɓen 1959 sun jefa ƙuri'a. A Arewa maza kaɗai suka yi. NPC ta ce addini da al'ada ba su yarda ba, lokaci bai yi ba. Amma ga abin da ba a cika faɗa ba: a wannan zaɓe, cikin kujeru 312 na Majalisar Wakilai, Arewa ke da 174, kuma bisa yawan jama'a aka raba kujerun. Yawan jama'ar nan har da mata a ciki. Wato an ƙirga su wajen rabon kujera, an manta da su wajen zaɓen wanda zai hau. Batun addini kuma ba kowane malami ne ya yarda da NPC ba. Malam Aminu kansa ɗan gidan malamai ne, kuma NEPU na goyon bayan ƙuri'ar mata. Isa Wali ya yi rubuce-rubuce a jarida a 1956 kan matsayin mace a Musulunci da suka tayar da ƙura. Kafin su duka da shekara ɗari, Nana Asma'u 'yar Shehu ta riga ta tura jajis ƙauye-ƙauye suna karantar da mata.

Ba na cikin masu ganin sai an zagi Sardauna kafin a yabi Gambo. Mutumin ya kafa jami'a a Zariya a 1962, ya tura 'yan Arewa karatu, kuma tsoron da jam'iyyarsa ke yi na kada Kudu ta mamaye aikin gwamnati saboda ratar ilimi ba tatsuniya ba ce. Da yawa daga makarantun da muke alfahari da su yau daga wancan yunƙuri suka samo tushe. Sai dai taken NPC na Arewa ɗaya, al'umma ɗaya, ba tare da la'akari da addini ko ƙabila ko matsayi ba, a aikace ya zama cewa duk wanda ya yi ƙorafi a cikin gida ya raba kan Arewa. Da NEPU ta ƙulla ƙawance da NCNC ta Azikiwe, sai aka ce 'yan NEPU sun sayar da gida ga baƙi. Ina ganin mutum na iya son Arewa ya kuma ce En'e na zalunci, kuma Gambo ta yi duka biyun a lokaci guda.

Juyin mulkin Janairun 1966 ya rushe jam'iyyu duka. Sojoji ne daga baya suka karɓe 'yan doka da gidajen yari da kotuna daga hannun En'e. Sojoji ne kuma, ƙarƙashin Obasanjo, suka buɗe wa matan Arewa ƙofar zaɓe a zaɓen ƙananan hukumomi na 1976, sannan tsarin mulkin 1979 ya tabbatar da ita. Abin da aka yi ta fasa wa mutane kai a kansa shekara ashirin da wani abu ya zo cikin takardar doka, kuma sama ba ta faɗo ba. Mata suka yi dogayen layuka. Gambo tana da shekara 46 kafin ta samu damar zaɓen shugaban ƙasarta.

A Jamhuriya ta Biyu ta yi abin da ya ba wasu mamaki. Yawancin tsofaffin 'yan NEPU sun bi Malam Aminu zuwa PRP. Ita sai ta shiga GNPP ta Waziri Ibrahim, Babarbare ɗan kasuwa wanda ya taɓa zama minista a gwamnatin NPC, mai taken siyasa ba da gaba ba, har ta zama mataimakiyar shugaban jam'iyyar ta ƙasa. Ana iya yi mata fassara iri-iri. Ni abin da na gani a ciki shi ne matar ba ta kowa ba ce, ko da na mutanen da ta sha duka tare da su.

Yanzu bari in yi tambayar da ta sa na ɗauki biro. Duk cikinmu ba wanda ya shigo makarantar nan bai kawo takardar shaidar zama ɗan asalin ƙaramar hukuma ba, kuma mu da ke shirin fita za a sake tambayarmu ita wajen neman aiki. Da Hajaratu Amarteifio za ta zo yau da fom a hannu, wace ƙaramar hukuma za ta sa mata hannu? 'Yar ƙasa dai ce, tsarin mulki ya ba ta wannan ta wajen mahaifiyarta. Amma asalin jiha a al'adarmu uba ake bi, uban kuma na Akra ne. Ta wajen uwa sai a ce ta nufi Lavun, inda ba can ta yi rayuwarta ba. Zariyar da ta tashi, ta yi aure, ta sha ɗauri dominta, tana iya ce mata ta kawo shaidar kakanta. Hausawa na cewa baƙo raɓa ne, ɗan gari kaba. To ga raɓar da ta shekara 68 ba ta bushe ba.

Kuma ba ita kaɗai ba ce. Malam Aminu Kano Bafulatani ne. Abubakar Imam, wanda da littattafansa aka koya mana daɗin Hausa, a Kagara aka haife shi, kakanninsa daga Barno suka fito. Hausanci tun fil azal kamar kasuwa yake, ana shigowa ta ƙofofi da yawa. Mu da kanmu mun san zafin abin in an juya shi: Hausawan zango a Kumasi da Akra sun shekara ɗari da wani abu a can, amma a 1969 gwamnatin Busia ta kafa dokar korar baƙi, dubban 'yan asalin Nijeriya suka kwaso kaya, wasunsu ba su taɓa ganin ƙasar da aka ce tasu ce ba. A 1983 gwamnatin Shagari ta yi wa 'yan Ghana irin wannan, har jakar da suka zuba kaya a ciki ta samu sunan da muke kiranta da shi yau, wadda rabinmu da ita muka zo makaranta. Duka biyun a idon Gambo aka yi su, ƙasar uwa da ƙasar uba suna korar 'ya'yan juna.

Shekarunta na ƙarshe ta yi su ne a gidanta na Sabon Gari. Ba ta tara dukiya ba. Gidan kullum cike yake da yaran da ba ita ta haifa ba, marayu da waɗanda aka rasa mai riƙo, daga ƙabilu daban-daban, ga masu taɓin hankali da ta saba kulawa da su tun tana ƙarama. Wajen ƙarshen shekarun 1990 ta janye daga siyasa, ganin kuɗi ya zama shi ne jam'iyya. Ta rasu a Zariya cikin watan Oktoba na 2001, bayan jinya. Allah ya jiƙanta, ya sa ta huta.